3.4 Hanyar Kulle Bayanan Bincike

Galibin waɗanda aka zanta da su a Bafarawa da Isa da Sabon Birni sun taɓo ta'asar 'yan bindiga, kuma fallasar sunayensu na iya jawo asarar rai. Bisa ga haka, mai bincike ya yi amfani da Tails, wato manhajar da ta fito a shekarar 2009. Daga filashi ake tayar da ita, kuma da zarar an kashe kwamfuta sai ta mance duk aikin da aka yi. Hirarrakin kuwa an adana su ne a keɓantaccen sashe na filashin, wanda ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri. Wannan kullewa ba ta buƙatar intanet. Sai dai wanda ya mance kalmar, to, ya rasa bayanan ke nan.