TAMBAYOYIN DA SUKA MAYAR DA KAN SARKI KWABO ƊAYA

Mai wucewa ta Daɗin Kowa a kan hanyar Jos zuwa Bukur, da wuya ya tuna cewa wannan yanki ya taɓa zama cike da Turawan haƙar kuza, waɗanda ba abin da ke haɗa su da iyalinsu sai wasiƙa. Kuɗin aika wasiƙar nan kuwa, a majalisar Ingila aka yi ta ja-in-ja a kansa.

Wanda ya ɗaure wa maganar gindi shi ne John Henniker Heaton, wakilin Canterbury. A 1886 ya kawo shawarar a riƙa kai wasiƙa ƙetare a kan kwabo ɗaya, kamar yadda ake yi a cikin Ingila tun 1840. Shawarar ta sha ƙasa, amma bai haƙura ba. Ya dinga tsare Ministan Gidajen Waya da tambayoyi a kan tsadar kan sarki da kuɗin da ake biyan kamfanonin jiragen ruwa.

Sannu ba ta hana zuwa. A 1891 kuɗin wasiƙa zuwa ƙasashen mulkin Ingila ya sauko zuwa kwabo biyu da ɗari. Ran 25 ga Disamba, 1898, ya koma kwabo ɗaya, Ikko kuwa tana cikin wuraren da suka fara amfana. Arewa ta sami nata kan sarki a 1900. Jiragen ruwan Elder Dempster ke sauke jakunkunan wasiƙu a Ikko, jirgin ƙasa ya hauro da su. Ƙaramin dogon da ya taso daga Zariya ya iso Bukur a 1914. A 1936 aka fara kawo wasiƙu Kano ta jirgin sama daga Khartum.

Amma fa duk tambayoyin nan, don masu zaɓe na Ingila aka yi su. Leburan kuza da ke biyan mai rubutu a bakin gidan waya don ya aika saƙo Kano ko Bauci, ba shi da mai tambaya a madadinsa, domin sai a 1947 wakilan Arewa suka fara zama a Majalisar Dokoki ta Nijeriya.

Yau Daɗin Kowa na da wakili a Majalisar Tarayya. Shekara 12 Heaton ya yi yana tambaya kafin ya ci nasara. Ko wace tambaya wakilan yau suka riƙe haka saboda talaka?