Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819–1846): Fagen Daga da Tsarin Mulki

1.0 Gabatarwa

Ba za a fahimci sarautun gargajiya na ƙasar Kano yadda suke a yau ba, sai an koma zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Shi ne sarki na biyu bayan jihadi, kuma daga zuriyarsa duk sarakunan Kano da suka biyo bayansa suka fito. A wannan darasi za a dubi yadda ya kwantar da tawaye da ƙarfin yaƙi, da kuma yadda ya riƙe ƙasar da dabarar mulki bayan ƙura ta lafa. Za a ɗauki Karaye, wadda ke yammacin Kano, a matsayin misali.

2.0 Asalinsa da Hawansa Gadon Sarauta

Ibrahim Dabo Bafulatani ne daga zuriyar Sulluɓawa, kuma malami ne tun kafin ya zama sarki. Yana da wani littafi na Larabci mai suna Kaff al-Ikhwan. Bayan da masu jihadi suka kawar da Sarki Alwali a 1807, Malam Sulaimanu ne ya riƙe Kano har rasuwarsa a 1819. A wannan shekarar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Dabo.

Naɗin bai yi wa kowa daɗi ba. Jihadin Kano aikin gayya ne na gidaje da dama, kamar Yolawa da Joɓawa da Dambazawa da Sulluɓawa, kowane gida kuma yana ganin ya sha wuya daidai da ɗan'uwansa. Haka nan sarakunan garuruwa sun saba da sakakken mulki a zamanin Sulaimanu. Saboda haka Dabo ya hau gadon da ba kowa ne ke shirin yi masa biyayya ba.

3.0 Tawaye da Yaƙe-yaƙe

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa tawayen ya game ƙasar, daga Dambatta a arewa zuwa Birnin Kudu, har Karaye a yamma. An ruwaito cewa Dabo ya shiga halwa ta kwana 40 yana roƙon Allah nasara, sa'annan ya fito ya kafa sansani a Dutsen Dala.

Karaye ce farkon garin da aka ambata an kai wa yaƙi. Dabo bai je da kansa ba, sai ya tura Sarkin Dawaki Mai Tuta Manu, wanda ya ci garin ya komo. Muhimmancin Karaye a fili yake: tsohon gari ne mai sarkinsa, ƙasarsa kuma tana maƙwabtaka da Katsina da Zazzau. Sarkin da zai fuskanci abokan gaba a arewa ba zai yarda ya bar wuta tana ci a bayansa ba.

Bayan wannan nasara Dabo ya fita da kansa. Ya ci Jirima da Gasakoli da Jijita, daga baya kuma ya ci Sankara da Rano. Daga nan ne laƙabin Cigari ya bi shi.

Wanda ya fi ba shi wahala shi ne Ɗan Tunku, shugaban Fulanin arewacin Kano, wanda ya ƙi yi masa mubaya'a. Don tsare birni daga harinsa, Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi, wato garin tsaro inda mayaƙa ke zaune da iyalinsu cikin shiri. A can ne Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gana da shi a 1824. Wannan rikici bai ƙare da takobi kaɗai ba. Sakkwato ce ta raba gardama, ta amince da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta a ƙarƙashin gidan Ɗan Tunku.

4.0 Dabarun Mulki

Cin gari da riƙe shi ba abu ɗaya ba ne. Dabo ya bi hanyoyi huɗu wajen ɗaure ƙasar:

(a) Farfaɗo da sarautun Hausa. Da izinin Sarkin Musulmi Bello, ya ci gaba da amfani da tsarin sarautun da aka gada daga sarakunan Haɓe, domin shi ne tsarin da talakawa suka sani wajen haraji da shari'a da gayyar yaƙi.

(b) Raba muƙamai ga gidajen jihadi. Sarautar Madaki ta tabbata a gidan Yolawa, Makama a gidan Joɓawa, Sarkin Bai a gidan Dambazawa. Su ne, tare da Sarkin Dawaki Mai Tuta, suka zama masu zaɓen sarki. Wanda ke da rabo a cikin tukunya ba ya fasa ta.

(c) Ƙarfafa bayin sarki. Sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun ba shi mutanen da biyayyarsu ta tsaya ga sarki kaɗai, ba ga wani dangi ba.

(d) Barin manyan garuruwa da sarautunsu. Ba a shafe sarautar Karaye ba don garin ya yi tawaye. Ta ci gaba, tare da ta Rano da Gaya da Dutse, a sahun manyan sarautun ƙasar Kano, masu biyan haraji da kawo mayaƙa idan an nema.

5.0 Sakamako

Dabo ya rasu a 1846 bayan shekara 27 yana mulki. 'Ya'yansa uku sun gaje shi bi da bi: Usman da Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello. Sai dai tattara mulki a gida ɗaya yana da nasa haɗari, domin jikokinsa ne suka gwabza Yaƙin Basasa daga 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa.

Ita kuwa sarautar Karaye ta ɗore. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya. A 2024 aka soke wannan doka, aka sake kafa ta a daraja ta biyu, tana ƙunshe da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo.

6.0 Kammalawa

Tarihin Dabo ya nuna cewa takobi ne ya karya tawaye, amma rabon muƙamai da sulhu ne suka hana shi sake tasowa a zamaninsa. Ya kamata malamin Hausa ya riƙa danganta kowace sarauta da dalilin kafuwarta, domin ɗalibin da ya haddace sunaye kawai bai san sarauta ba tukuna.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai biyu da suka haddasa tawaye a farkon mulkin Dabo.
2. Mene ne ribaɗi? Yi bayani tare da misali.
3. Tattauna matsayin sarautar Karaye daga 1819 zuwa 2024.