Bebeji: Ganuwa, Fatake da Tsohon Masallaci

Mai bin titin Kano zuwa Zariya a yau zai iya wuce mararrabar Bebeji bai waiwaya ba. A da kuwa ayarin fatake ba ya tsallake garin. Zango ne mai ganuwa da ƙofofi, inda madugai ke sauke kaya kafin su shiga Kano. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. A 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ƙofar garin da igwa, sannan suka doshi Kano.

Tsohon masallacin garin, wanda ake dangantawa da zamanin Haɓe, yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ke kula da su.

Irin wannan gini aikin haƙuri ne. Magini zai kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali da hannu, ya shanya, sannan ya jera su kai a sama. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ita ke ɗauke da rufin soro. Makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ke kare bango daga ruwan sama, indararo kuma ya zubar da shi nesa da gindin gini.

Abin damuwa shi ne yaɓe. Ginin ƙasa yana neman gyara bayan kowace damina, ga masu sanin aikin suna raguwa, matasa sun koma ga bulo da kwano.