Manhajar Rabon Aiki Ba Ta Mayar da Tarin Kwamfutoci Na'ura Guda

Tun da zancen ƙirƙirarriyar basira ya yi ƙarfi, cibiyoyin bincike da dama suka dukufa wajen sayen manyan kwamfutoci, sai kuma wata fahimta ta bazu cewa da zarar an haɗa su da waya aka girka musu manhajar rabon aiki, to sun dunƙule sun zama na'ura ɗaya mai ninkin sauri. Wannan kuskure ne mai cin kuɗi.

Fitacciya a wannan fage ita ce Slurm, wadda aka fara ginawa a cibiyar Lawrence Livermore ta Amurka a farkon shekarun 2000 domin kwamfutoci masu amfani da Linux. Aikinta bai wuce ta karɓi buƙatun masu bincike, ta jera su a layi, ta tura kowanne ga na'urar da ke da sarari ba. Matsayinta tamkar na ɗan kamasho ne a tasha, wanda ya san motar da ke kan layi da yawan kujerun da suka rage, amma ba shi da ikon ƙara wa mota gudu, balle ya raba fasinja ɗaya cikin motoci goma. Manhajar da aka rubuta don ta bi matakanta ɗaya bayan ɗaya za ta zauna ne a na'ura guda, sauran suna zaman banza. Tun a 1967 masanin kwamfuta Gene Amdahl ya bayyana wannan iyaka: idan kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, saurinsa ba zai wuce ninki 10 ba, ko da na'urori dubu aka tara masa.

Girka Slurm ba shi da wuya; wahalar tana wajen daidaitawa. Akwai slurmctld, wato sashen da ke zaune a na'urar da ke jagoranci yana yanke hukunci, da slurmd da ke kan kowace na'urar aiki yana aiwatarwa, kuma dole fayil ɗin slurm.conf, inda ake rubuta sunayen na'urori da ƙarfinsu, ya zama iri ɗaya a ko'ina. Idan aka rubuta wa na'ura ƙwaƙwalwar da ta fi wadda take da ita, Slurm za ta daina ba ta aiki. Haka nan MUNGE, wadda ke tantance cewa saƙo daga halastaccen mai amfani ya fito, tana buƙatar mabuɗin sirri ɗaya a dukkan na'urori da agogo masu tafiya tare, domin shaidar da take bayarwa kan lalace bayan minti 5. Lambar da Linux ke gane kowane mai amfani da ita ma tilas ta dace a duk na'urorin.

Abin takaici shi ne yadda shugabanni kan ware maƙudan kuɗi don ƙarafan da za a nuna wa baƙi ranar ƙaddamarwa, su manta da albashi da horon ma'aikacin da zai kula da waɗannan ƙananan abubuwa, ya kuma tsara rabon lokaci don kada sashe ɗaya ya danne sauran. Cibiyar da ba ta tanadi wannan ma'aikaci ba, bai kamata ta sayi na'urorin ba tukuna.