Abincin da sunansa ya riga shi zuwa duniya

A bisa al'ada, ɗan Adam yakan ga abu ko ya ɗanɗana shi tukuna, sannan ya raɗa masa suna. To amma a Turai da Amurka an sami wata sana'a da ta juya wannan tsari, wato girka abinci da abin sha waɗanda marubutan ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi suka ƙirƙira a kan takarda. A nan suna ne ke fara zuwa, daga baya masu girki su shiga neman ɗanɗanon da zai dace da shi.

Misali mafi shahara shi ne Butterbeer na littattafan Harry Potter. Marubuciyar, J.K. Rowling, ba ta faɗi kayan haɗinsa ba, illa dai mai karatu ya fahimci cewa yana ɗumama jiki a lokacin hunturu, kuma yana da ɗan maye, tunda ya bugar da wata 'yar halitta mai aikatau a cikin labarin. Da kamfanin Universal ya buɗe dandalin shaƙatawa na Harry Potter a birnin Orlando na Amurka a 2010, sai ya fito da nasa samfurin mai zaƙi da kumfa, babu giya ko ɗigo, domin yara su ne manyan masu saye. Haka kamfanin Disney ya yi a 2019 da shuɗiyar madarar fim ɗin Star Wars na 1977. A labarin, nonon wata dabba ce mai suna bantha, amma wadda ake sayarwa daga kwakwa da shinkafa ake haɗa ta.

Abin tambaya shi ne, shin wanda ya kurɓi waɗannan ya sha abin da ya karanta? Amsar J.R.R. Tolkien, farfesan tsohon Turanci a Jami'ar Oxford, ita ce a'a. A littafinsa The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955, akwai wani guzuri da ake naɗewa da ganye, mai suna lembas, wanda guda ɗaya kan riƙe matafiyi yini cur. Daga harshen Sindarin da shi kansa ya ƙirƙira ya gina kalmar, ma'anarta kuwa gurasar tafiya. A 1958, lokacin da wani marubucin fim ya mayar da lembas wani dunƙulallen sinadarin gina jiki, Tolkien ya fusata, ya nuna cewa ko an kai shi ɗakin gwaje-gwaje ba za a tarar da abin da ya fifita shi a kan sauran gurasa ba. Ƙarfinsa yana tattare da hannun da ya bayar da shi da kuma niyyar matafiyin. Masu gasa fulawa da zuma su naɗe a ganye sun sami siffar, amma wancan ɓangaren ba ya shiga tanda.

Ko abincin da yake akwai a zahiri bai tsira ba. A littafin C.S. Lewis na 1950, The Lion, the Witch and the Wardrobe, yaro Edmund ya ci amanar 'yan uwansa saboda alawar Turkiyya, wadda Turkawa ke kira lokum, daga Larabcin rahatul hulƙum, wato hutun maƙogwaro, kamar yadda tamu kalmar alawa ta fito daga halawa. Masu karatu da dama da suka nemi wannan alawa sun yi mamakin yadda za a sayar da dangi a kanta. Abin da ya kuɓuce musu shi ne, an rubuta littafin a lokacin da gwamnatin Ingila ke ƙayyade sayen alawa sakamakon Yaƙin Duniya na Biyu, dokar da ba a janye ta kwata-kwata ba sai a 1953. Yaron da ya yi shekaru yana ƙishirwar sukari shi ne ya san nauyin jarrabawar Edmund.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne Soylent. Harry Harrison ya haɗa sunan a littafinsa na 1966 daga kalmomin Turanci na waken soya da adas. Fim ɗin Soylent Green na 1973 ya mayar da shi abincin talakawa da ake sarrafawa a ɓoye daga gawarwakin mutane, domin jan kunne kan cunkoson jama'a da zaluncin manyan kamfanoni. Amma a 2013 wani injiniyan kwamfuta, Rob Rhinehart, ya ɗauki sunan ya liƙa wa wani abin sha da ke maye gurbin abinci, kuma ya sami kasuwa. Kalmar da aka ƙera domin gargaɗi ta koma tambarin ciniki.

Ba laifi ba ne uwa ta shiga kicin da 'ya'yanta su gwada abin da suka karanta, hasali ma hanya ce ta sa yaro ya ƙaunaci littafi. Sai dai kafin 2010 kowane mai karatu yana da nasa Butterbeer a zuci, gwargwadon abin da harshensa ya saba da shi. Da kamfani ya tsayar da ɗanɗano guda, ya yi masa rajista, ya sa masa farashi, sai miliyoyin ɗanɗano suka dunƙule suka zama ɗaya. Hausawa sun ce suna linzami ne, don haka ya kamata iyaye da malamai su lura da wanda ke riƙe da shi, su bar yaro ya karanta littafin kafin a miƙa masa kofin.