Motar tsere ta haɗin gida: kyan bodi ba shi ne mota ba

Akwai maganar da ta fara isata. Duk lokacin da bidiyon wani matashi ya zagaya wayoyinmu, ga shi cikin 'yar gajeriyar mota mai kujera biyu, marar rufi, mai dogon hanci irin na motocin tseren Turai na shekarun 1950 da 1960, sai ka ji ana cewa, "Ai Turawan ma haka suke yi. Tarkace suke tsintowa su haɗa a bayan gida. Mai walda ɗaya da fenti mai ƙyalli sun isa." Daga nan sai a cika yaro da kirari, a tura shi kan kwalta, yara na bin sa da gudu, 'yan acaba na rakiya, babu wanda ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin motar ya ga abin da ke riƙe da tayoyinta. Rabin waccan magana gaskiya ne, kuma wannan rabin shi ne yake rufe wa mutane ido daga sauran.

Gaskiya ne ana haɗa irin wannan mota a gida, kuma Ingila ce cibiyar abin. A 1948 wani ɗalibi mai suna Colin Chapman ya samo tsohuwar Austin 7 ya sake mata ƙira a wani ɗan gareji a Landan, daga nan kamfanin Lotus ya samo asali. A 1957 ya fito da Lotus Seven, wadda ake sayar wa mutum gunduwa-gunduwa ya je gida ya haɗa, domin a lokacin harajin sayen mota bai hau kan wadda ba a haɗa ba. Kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973, kuma har yau yana yi. Sai a 1996 Ron Champion ya wallafa littafin da ya yi alkawarin koya wa mutum gina irinta da fam 250 kacal, ta hanyar yanka tsohuwar Ford Escort a kwashe injinta da giyarta da birkinta. Motocin da aka gina da wannan littafi su ne ake kira Locost. A Amurka kuwa hankalinsu ya fi karkata ga kwaikwayon Cobra ta shekarun 1960, inda kamfanoni irin su Factory Five ke sayar da ƙashin motar da bodinta, mai saye ya nemo sauran kayan daga tsohuwar Mustang.

To, a nan ne masu kirari ke tsayawa da karatu. Chapman ɗin da ake kafa hujja da shi injiniyan gine-gine ne, a jami'ar Landan ya karanta yadda ƙarfe ke ɗaukar nauyi da inda yake karyewa. Fam 250 ɗin Champion kuwa, su kansu masu bin littafin sun san ado ne na bangon littafi. Abin da suke kashewa yakan ninka haka sau da yawa, kuma aikin yakan ci shekaru, ba makonni ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ba tarkace suke tsinta ba. Abin da suke cirowa daga tsohuwar mota daban, abin da suke saye sabo ful daban, kuma sun san iyakar kowanne.

Ɗauki shasi, wato ƙashin da komai ke hawa kansa. Mutanenmu sun yi imani da cewa ƙarfe duk ƙarfe ne, kuma wanda ya fi kauri da nauyi shi ya fi ƙarfi. Saboda haka sai ka ga an jera fayif ɗin ruwa, ko rodin gini, ko ragowar ƙarfen da aka yi ƙyauren gida da shi, an liƙe su murabba'i-murabba'i, an ce ga shasi. Na tsaya kan wata irin wannan a wani gareji: waldar ta taru curi-curi a sama, amma da aka haska fitila ta ciki sai ga gaɓar ƙarafan biyu a buɗe, narkakken ƙarfen bai ratsa ba. An kuma bi ta da abin gurza an goge don ta yi sumul, wanda ya ƙara cinye ɗan abin da ya kama. Mai motar yana ta nuna mini fentin.

Shasin Locost na gaskiya da sabon bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ake yin sa, faɗinsa milimita 25, kaurin bangonsa kimanin milimita 1.6. Siriri ne, mutum biyu za su iya ɗaga shasin gaba ɗaya. Ƙarfinsa daga yadda aka tsara shi yake fitowa: kusan kowane fili mai kusurwa huɗu an ratsa shi da wani ƙarfe a karkace, ya koma kusurwa uku-uku. Duk mai walda da ya taɓa yin babban ƙyaure ya san cewa in bai sa masa ƙarfen nan na karkace ba, cikin 'yan watanni zai saki jiki ya fara jan ƙasa. Haka shasi yake, sai dai shi ba a tsaye yake ba. Yana shan murɗa a kowace kwana, yana shan duka a kowane rami, sau dubbai a tafiya ɗaya. Ƙarfen da ake lanƙwasawa ana miƙewa kullum, tsagewa yake farawa daga bakin walda, a hankali, ƙarƙashin fenti, inda ido ba ya gani. Ranar da zai rabu ba a gareji zai rabu ba.

Shi kuwa nauyin da ake taƙama da shi, abokin gaba ne. Motar irin Seven kilo 500 zuwa 600 take, kuma saurinta da iya shan kwanarta daga rashin nauyin suke. Wanda ya lafta ƙarfe don tsoron karyewa ya ƙara wa birki aiki ne kawai. Kuma a tuna, motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ƙarfin da birki zai kashe kafin ta tsaya ya ninka na mai gudun 50 sau huɗu, ba sau biyu ba.

Birkin tsohuwar motar ma ba a ɗauko shi a liƙa kawai. An auna shi ne don motar da ta kusan ninka sabuwar nauyi, kuma rabon nauyinta gaba da baya daban ne. In tayoyin baya suka riga na gaba kamewa, gindin motar ne zai zagayo gaba, direba na kallo ba abin da zai iya yi. Sitiyari kuma, in aka ɗaura shi sama ko ƙasa da inda ya dace da ƙafafun motar, ko da ɗan yatsa ɗaya ne, duk ramin da taya ta faɗa motar za ta karkata da kanta ba tare da an juya kan sitiyari ba. Waɗannan abubuwa ba a gane su da kallo, kuma babu bidiyon minti biyu da zai nuna su.

Shi ya sa a Ingila, ka gama ginin motarka ka yi mata duk kwalliyar da kake so, ba za ta taka titin gwamnati ba sai ta ci jarrabawar da ake kira IVA, wadda ta maye gurbin wata makamanciyarta a 2009. Jami'in zai hau da ita kan na'ura ya auna birkin kowace taya da yadda gaba da baya suka raba aikin. Zai duba inda aka ɗaure bel ɗin kujera, da hasken fitilu, da ƙarar salansa, da hayaƙi, da ko agogon gudu na faɗin gaskiya. Har wata ƙwallo mai faɗin milimita 100 yake bi da ita jikin motar, duk gefen da ta taɓa in yana da kaifi, an faɗi, saboda mai tafiya a ƙasa da motar za ta iya gogawa. Sai a koma gida a gyara a dawo. Wannan ɓangaren na "Turawa ma haka suke yi" ban taɓa jin masu kirari sun ambata ba. Mu a nan tafi ne jarrabawarmu. Haba jama'a! Wanda ya zuga ɗan wani ya hau abin da bai san ingancinsa ba, in aka kwaso shi, da wane baki zai je ta'aziyya? Rai amana ne, na direban da na mai tallan gyaɗa da ke bakin titi.

Rashin kuɗi da rashin makarantun koyon sana'a masu kayan aiki suna da nasu laifin, ban musa ba.

Ba ina cewa a daina ba ne. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san hannu da basira ba su ne matsalarmu ba. In kana da wannan buri, fara da takarda kafin ƙarfe. Nemi zanen shasin da wasu suka riga suka gina suka gwada, ka bi awonsa sau da ƙafa. Ba a motarka ta farko za ka ƙirƙiro naka ba. Ka gina shi kan shimfiɗaɗɗen tebur da ka tabbatar bai karkace ba, kana ɗiga walda kaɗan-kaɗan kana awo daga kusurwa zuwa kusurwa, domin zafi na jan ƙarfe. Kafin mai walda ya taɓa shasin, ba shi guntaye biyu ya haɗa, ka sa a matse a bi su da guduma. In ƙarfen ya lanƙwashe waldar na nan, madalla. In waldar ce ta ɓalle, ku rabu lafiya, ko da ƙanin mahaifinka ne. Fayif ɗin ruwa mai farin shafe kuwa a bar shi wa masu famfo, hayaƙin waldarsa ma kaɗai yana kwantar da mutum da zazzaɓi.

Motar yanka, wato tsohuwar da za a kwashe kayanta, ta zama guda ɗaya, kada a yi haɗin gambiza. Injinta da giyarta da furofela da aksul ɗin baya da birki tun daga masana'anta an yi su ne don juna. Kuma ta zama mai jan baya, domin ƙirar waɗannan motoci inji a gaba ne, tayoyin baya ke turawa. Golf da Corolla da suka cika gari da gaba suke ja, ba su dace da wannan ƙira ba. Masu yi a Ingila sun koma Ford Sierra da Mazda MX-5 bayan da Escort ta yi wuyar samu. A wajenmu tsofaffin Fijo 504 da 505, waɗanda aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna, da tsofaffin Marsandi, su ne masu jan baya da kanikawanmu suka sani ciki da bai, sai dai sun fi faɗi da nauyi, dole a daidaita awon da su tun a takarda. In da hali ka saye ta tana tafiya, ka tuƙa ta, ka ji kukan injin da shigar giya kafin a sa mata sifana. Kowace waya da ka cire ka manna mata takarda ka rubuta inda take zuwa, don bayan shekara ɗaya ba za ka tuna ba.

Akwai abubuwan da ba a sayen na hannu ko da kyauta aka ba ka: tiyon birki, robobin birki, man birki, tiyon fetur, bel, da notocin da ke riƙe ƙafafu da sitiyari. Duba kan kowane noti, ka ga an buga 8.8 ko sama da haka. Wanda kansa ba rubutu, na haɗa benci ne. Kada a yanke sandar sitiyari ko hannuwansa a ƙara da walda. Tankin mai ya nisanci salansa, a kuma raba shi da wurin zama da farantin ƙarfe. Taya kuwa karanta lambobi huɗun da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba, robar ta bushe. Mota marar rufi kuma tana buƙatar ƙaƙƙarfan bakan ƙarfe a bayan kujeru, wanda ya fi kan direba tsawo, aka kuma kafe shi a jikin shasi, ba a jikin bodi ba.

Sai takardu. Karɓi rasit da takardun motar yankan, ka adana lambar injinta da ta shasinta, domin injin sata in ya shigo hannunka, kai 'yan sanda za su riƙe. Tun kafin ka fara ka je ofishin VIO da na hukumar kiyaye haɗura ka ji abin da suke buƙata kafin a ba irin wannan mota lamba. Gwajin farko kuma a fili killatacce za a yi shi, ba kowa sai kai da bakanike da tukunyar kashe gobara, ka sa hular kwano, ka fara da gudun da bai wuce na keke ba, kana taka birki kana sauka kana duba kowane noti da kowace walda. Bodi da fenti su ne aikin ƙarshe, bayan tsiraran shasin ya yi ta zagaya filin nan har ka daina samun abin da ya kwance.