Gas ɗin Firji Ma Yana da Doka: Jan Kunne ga 'Yan Kasuwar Mafara, Bakura da Maradun

Da zarar bazara ta kama, sana'ar sanyi ce ke ci a Talata Mafara. Masu ƙanƙara, masu zoɓo da kunun aya, masu ruwan leda, masu adana kifin madatsar Bakolori, har da masu kemis da ke ajiye alluran da ba sa jure zafi, duk abincinsu yana rataye da firiza. Ita kuwa firiza ba ta sanyi sai da gas. Ranar da ta daina, a kira mai gyara, ya ce gas ya tsiyaye, ya ɗauko gwangwani ya ɗura, a biya shi ya tafi. Ba mai tambayar wane irin gas ne, daga ina ya fito, da izinin wa ya shigo ƙasa. Alhali wannan ɗan gwangwani yana cikin kayan da dokar duniya da ta Najeriya suka fi sa wa ido.

Asalin maganar tun 1987 ne, lokacin da ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a Kanada, bayan masana sun tabbatar cewa gas ɗin sanyi na wancan zamani yana cinye rufin ozon, wanda ke tare mana hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. Najeriya ta shiga yarjejeniyar a 1988. Gas ɗin da aka fara yaƙa shi ne R12 na tsofaffin firji, kuma tun 1 ga Janairu 2010 aka rufe ƙofar shigo da shi. Sai R22, wanda har gobe shi ne a cikin yawancin tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki a ofisoshi da gidaje. Shi a hankali ake janye shi: an tsayar da ƙaruwarsa a 2013, jadawalin ya ce a rage kashi 35 cikin 100 a 2020, kashi 67.5 a 2025, sannan a 2030 a daina, sai ɗan abin da za a bari don gyaran tsofaffin injuna.

Waɗanda suka maye gurbinsu, irin su R134a da R410A da R404A, ba sa taɓa ozon, amma sun zo da tasu masifar, wato riƙe zafi a sararin sama. Kilo ɗaya na R134a idan ya tsere yana dumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon da injuna ke fitarwa. Na R410A ya haura 2,000, na R404A da ake sa wa manyan ɗakunan sanyi ya kusa 4,000. Shi ya sa a Oktoba 2016 aka sake zama a Kigali, babban birnin Ruwanda, aka shigar da su cikin yarjejeniyar. Najeriya ta amince a ƙarshen 2018. A rukunin ƙasashen da muke ciki, an tsayar da ƙaruwa daga 2024, a rage kashi 10 a 2029, a ci gaba da ragewa har kashi 80 a 2045. Wanda ya san zafin Afrilu a Bakura ba ya bukatar dogon bayani kan dalili.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan kasuwar Maradun da taron Kigali, shi da bai taɓa ganin tashar jiragen ruwa ta Apapa ba? Ruwansa ya shiga tun ranar da ya sayi katan ɗin gas na farko.

Wannan gas ba shinkafa ba ne da duk mai jari zai yi oda. Ofishin kula da ozon na ƙasa, a ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a Abuja, shi ke riƙe da lissafin abin da ya halatta ya shigo a shekara, ana raba shi kaso-kaso ga kamfanonin da suka yi rajista. Sai an sami takardar izinin shigo da sinadarai daga NAFDAC, Kwastam su duba kaya da takardu a tashar shigowa, hukumar NESREA kuma ta bi sawu da dokar kare ozon ta 2009 wadda aka sabunta a 2022. Wanda ya ratso da tukwanen gas ta iyakar Illela ko Jibiya a ƙarƙashin buhuna, ko da biyar ne, fasa-ƙwauri ya yi. Wanda ya saya a hannunsa ya jera a shago, kayan da ake iya ƙwacewa ya ajiye, kuma kukan "ban sani ba" ba ya dawo da jari. Haka nan tsofaffin firji da firiza da na'urar sanyaya ɗaki da kwamfuresa na gwanjo, waɗanda muke kira 'yan Kwatano, suna cikin jerin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su, ko da kasuwanni sun cika da su. Ba mu kaɗai ake matsa wa ba: a Maris 2024 Amurka ta gurfanar da wani mutum a San Diego kan ɓoyo irin wannan gas a motarsa daga Meziko yana tallarsa a intanet.

A ganina, abin da ya fi kamun hukuma tsoratarwa shi ne jabu. Duk lokacin da aka rage kason da ke shigowa, farashi ya hau, masu haɗe-haɗe su buɗe ido. Tukunya ce za ka gani fes, fenti sabo, an rubuta R134a, cikinta kuwa tarkacen R22 ne da R12 da abin da ya sawwaƙa. Mafi sauƙin illarsa shi ne firiza ta yi ta ƙugi ba sanyi, ta sha man janareto ko ta zuƙe batirin sola, bayan 'yan watanni kwamfuresa ta ƙone. Mai kaya ya ɗora laifi a kan wutar NEPA, ya sake biyan kuɗin gyara, a sake ɗura masa irin wancan. Mafi muni kuwa ya faru a 2011, lokacin da kwantenonin sanyi na jiragen ruwa suka fashe a Biyetnam da Burazil, mutum uku masu gyara suka rasu. Bincike ya nuna an gauraya gas ɗin da wani sinadari mai lamba R40, wanda ke cin alminiyon cikin kwamfuresa ya haifar da abin da ke kama wuta da kansa idan ya haɗu da iska. Araha ba ta ado, in ji masu magana. A nan har rai take ci.

Saboda haka, Alhaji mai shago, idan ka je sari Kano ko Sakkwato ko Legas, nemi rasit mai sunan kamfani da adireshi, ka tambayi wanda ya shigo da kayan da lambar izininsa. Dila na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Dubi tukunyar: sunan masana'anta, ƙasar da aka yi, lambar rukuni, nauyi. Wadda aka saba gani ta R134a ko R22 kilo 13.6 take ɗauka, sai ka ɗora a sikeli. Rubutu mai kuskure, hatimin baki da aka taɓa, ko farashin da ya yi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, duk dalilin ajiye kaya ne a yi gaba. Ajiye rasit ɗin nan, shi ne shaidarka ranar da jami'ai suka leƙo.

Masu gyara su ma akwai nasu. Yawancin sababbin firji yanzu R600a suke amfani da shi, wasu firizoji kuma R290. Waɗannan ba sa cutar da ozon, dumamarsu ba ta taka kara ta karya ba, amma dangin gas ɗin girki ne, suna kamawa da wuta. Kunna wutar walda a kan bututun da ba a kwashe gas ɗinsa ba, a cikin ƙuntataccen shago, ganganci ne. Ɗura su a injin da aka ƙera don wani gas daban shi ma haka, balle masu dabarar zuba gas ɗin girki kai tsaye. Gwajin yoyo da iskar oksijin yana fasa kwamfuresa, naitirojin ake sawa. Kuma a daina ɗura gas ba a toshe inda yake tsiyaya ba, don kawai mai kaya ya sake dawowa wata mai zuwa. Akwai ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, NARAP, wadda ake bi ta hannunta wajen horar da masu gyara. Ya dace matasanmu na Mafara su nemi shiga, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke garin ita ce wurin da ya fi cancanta a riƙa shirya irin wannan horo.

Mai sayen sabon kaya kuwa, kafin ka biya, duba 'yar takardar da ke manne a bayan firji ko a gefen na'urar sanyaya ɗaki, a nan ake rubuta lambar gas. Idan ka ga R12, bar shi ko kyauta ne, don babu halastaccen sabon gas ɗinsa da ke shigowa. Idan R22 ne, lissafa shekarun da suka rage zuwa 2030, ka tambayi kanka nawa tukunyarsa za ta kai kafin nan. Firji mai R600a da na'urar ɗaki mai R32 su ne za a daɗe ana samun gas ɗinsu, kuma galibi sun fi sauƙin shan wuta ga mai dogaro da sola.